Kundin Aikin Jakar Littafi: Yadda Muke Tsara Aron Littattafan Yara a Unguwa

11 ga Janairu, 2025

Zaman farko ya ƙare da shawara guda: ba za mu fara da akwati ba. Da yawa daga cikinmu sun zo ne da hoton akwatin nan a zuciya, ɗan ƙarami mai rufi da ƙofar gilashi, a kafa shi bakin hanya, mai so ya ɗauki littafi, mai hali ya ajiye wani. Tsari ne mai tarihi. Todd Bol ne ya kafa irinsa a ƙofar gidansa a garin Hudson na jihar Wisconsin a Amurka, a 2009, don tunawa da mahaifiyarsa wadda malamar makaranta ce, kuma daga nan ƙungiyar Little Free Library ta samo asali. Yau akwatunan da ke ɗauke da rajistarta sun haura 150,000 a ƙasashe fiye da 100. Ba abin rainawa ba ne.

Sai dai a 2017 masu bincike biyu a Kanada, Jane Schmidt da Jordan Hale, sun bi diddigin inda akwatunan suke a biranen Toronto da Calgary, suka tarar galibinsu suna unguwannin masu hali da ilimi mai zurfi, inda laburaren gwamnati ma bai yi nisa ba. Littafi ya bi littafi ke nan. Ga kuma abin da kowa zai iya gani da idonsa: yaro ɗan shekara huɗu ba ya fita titi shi kaɗai ya buɗe ƙofar da ta fi shi tsayi, kuma akwati ba ya karanta wa kowa labari.

Abin da muke son ginawa hidima ce da za ta ci gaba da aiki bayan shekara biyar, ko da mu da muka zauna yau duk mun watse. Abu biyu ne tabbas za su ƙare mana: littafi zai tsufa, mai kula zai gaji. Na nemi a riƙa auna kowace shawara da waɗannan biyun, aka amince.

1 ga Fabrairu, 2025

Mun gama zagayen gida-gida. Littattafan yara suna nan, fiye da yadda muka zata, amma a kwance suke. Yaro yana wuce littafin hoto cikin shekara ɗaya ko biyu, sai a tura shi kwali. A gidan da ke maƙwabtaka kuwa akwai ƙaramin da bai taɓa riƙe irinsa ba.

Wata uwa ta jawo kwali daga ƙarƙashin gado, ta kakkaɓe ƙura, ta miƙo mana shi duka ba tare da ta ƙirga ba. Da na ce mata ai autanta ma zai iya karɓar aro daga abin da wasu suka kawo, sai ta ja baya.

"Malama, idan ya yaga fa? Yaron nan komai ya samu sai ya kai baki. Ba na son abin da zai haɗa ni da mutane."

Mun ji wannan magana a bakin iyaye da yawa, kowa da irin lafazinsa. Bayarwa ba ta yi musu wuya ba, karɓa ce ke ba su tsoro. Kuma waɗanda tsoron ya fi kamawa su ne waɗanda ba su da halin biyan littafi idan ya lalace, wato dai ainihin waɗanda muka taso dominsu. Wannan ya fi damuna fiye da ƙarancin littattafan. A 2010 Mariah Evans da abokan aikinta sun wallafa binciken da ya haɗa ƙasashe 27, wanda ya nuna yaran da suka tashi a gida mai littattafai da yawa suna yin kimanin shekara uku a karatu fiye da waɗanda suka tashi a gidan da babu ko ɗaya, ko da an cire tasirin ilimin iyaye da sana'arsu. Binciken bai ce littafi kaɗai ke yin aikin ba. Amma a cikin gida yake magana, kuma littafin da uwa ke tsoron shigar da shi ɗaki bai shiga wannan lissafi ba.

22 ga Fabrairu, 2025

Tantance gudummawa. Mun mayar da abu mai yawa: tsofaffin littattafan jarrabawa, waɗanda shafukan tsakiya suka ɓace, da duk wanda ke warin fumfuna. Wasu sun ji nauyin mayar wa mutum kyautarsa. Na tsaya a kan a mayar, cikin ladabi. Ranganathan, masanin laburare ɗan Indiya, ya sa dokarsa ta farko a 1931 cewa littattafai don amfani aka yi su. Idan yaro ya buɗe jaka ya tarar da tarkace, ba lallai ya sake buɗewa ba.

15 ga Maris, 2025

Tsarin ya fito, kuma daga Japan muka samo ƙashin bayansa. Can akwai abin da suke kira bunko: mutum, galibi uwa, ta ware ɗaki ko lungu a gidanta, ta jera littattafan yara, ta buɗe wa 'ya'yan maƙwabta a rana tsayayya cikin mako, a karanta musu, su ari na zuwa gida. Marubuciyar yara Momoko Ishii ta buɗe nata a gidanta a Tokyo a 1958, kuma cikin shekarun da suka biyo baya irin waɗannan ɗakuna suka kai dubbai a faɗin ƙasar. Abin da ya fi jan hankalina ya faru ne a 1974, lokacin da ɗakuna huɗu na gida, har da nata, suka haɗu suka kafa Laburaren Yara na Tokyo. Ɗakin gida yana rayuwa ne da ƙarfin mai gidan. Da suka haɗa kai, aikin ya samu inda zai tsaya wanda ya wuce ƙarfin mutum ɗaya. Mu muna so mu fara da haɗuwar tun yanzu, ba sai an gaji ba.

Ga yadda muka tsara. Gidaje huɗu ne za su zama masauki, a warwatse yadda yaro zai isa mafi kusa da shi da ƙafa ba tare da ya tsallaka babban titi ba. Kowane masauki zai buɗe sa'a biyu, sau ɗaya a mako, rana da lokaci ba sa canzawa. Littattafan ba na masauki ba ne, na ƙungiya ne, an raba su a jakunkunan yadi, kowace jaka da launin shekaru: ja na jarirai da masu tatata, kore na masu kallon hoto ana karanta musu, shuɗi na waɗanda suka fara karatu da kansu. Duk bayan mako shida jakunkunan za su matsa gaba zuwa masauki na gaba. Ta haka yaro zai riƙa ganin sabon abu ba tare da mun sayi sabo ba, kuma duk ranar juyi dole wani ya duba kowane littafi da hannunsa.

An yi doguwar muhawara kan rajista. Matasanmu sun so manhajar waya. Na fahimce su, amma wayar wa? Ranar da mai ita ya yi tafiya, ko caji ya ƙare, aiki ya tsaya. Mun koma ga tsarin da wata ma'aikaciyar laburare a Amurka, Nina Browne, ta ƙirƙiro a 1895. Kowane littafi yana da kati a cikin ɗan aljihun takarda da aka manna a bangonsa na ciki. Kowane yaro yana da nasa ɗan aljihu mai sunansa. Idan ya ari littafi, sai a zare katin littafin a zura a aljihun yaron, a jera a tire bisa ranar dawowa. Ya dawo da shi, kati ya koma mazauninsa. Babu rubutu, babu layi mai tsawo, yarinya 'yar shekara goma tana iya riƙe tiren. Kuma da zarar littafi ya dawo, ba wata shaida da ta rage ta wanda ya karanta me, abin da na ɗauka alheri ne ga yara da iyayensu.

2 ga Afrilu, 2025

Mun buɗe. Da gangan muka zaɓi yau, Ranar Littafin Yara ta Duniya, wadda IBBY, ƙungiyar ƙasa da ƙasa mai kula da littattafan yara, ke jagoranta tun 1967. Ba taro, ba jawabi. An shimfiɗa tabarma, an karanta labari biyu, kowane yaro ya tafi da littafi ɗaya. Jakar kore ce ta fara ƙarewa.

10 ga Mayu, 2025

Littattafai sun fara makalewa a gidaje, sai maganar tara ta taso. Dattijon kwamitinmu, wanda ya daɗe yana riƙe amanar jama'a, ya ce abin da ba a biya ba, ba a darajta shi. Ba magana ce ta banza ba, kuma ban so a share ta ba.

Na ce masa, "Baba, wanda zai iya biyan tara ba ya jin ta. Wanda ba zai iya ba kuwa, ba zai dawo da littafin ba, shi ma ba zai dawo ba. Mun yi asarar biyu."

Manyan laburare ma sun kai ga wannan fahimta. A 2019 Ƙungiyar Laburare ta Amurka ta zartar da matsaya cewa tarar kuɗi shinge ce da ke hana marasa hali amfani da laburare. A shekarar ce laburaren birnin Chicago ya soke tarar jinkiri, na birnin New York suka bi sahu a 2021. Sai dai su suna da kasafi daga gwamnati, mu ba mu da shi, don haka soke tara kaɗai ba zai wadatar ba. Nan ne aikin Elinor Ostrom ya taimaka mana, matar farko da ta samu lambar Nobel a fannin tattalin arziki, a 2009. Ta yi nazarin yadda jama'a ke riƙe dukiyar tarayya, kamar makiyaya, dazuka da hanyoyin ban ruwa, har ta daɗe ba ta ƙare ba. Daga cikin abin da ta gano, masu amfani da abin su ne ke sa hannu a tsara dokarsa, ana sa ido, kuma hukunci yana tafiya hawa-hawa, daga mai sauƙi.

Don haka muka zaunar da yaran da kansu. Dokar da suka fitar ta fi tamu tsauri, sai da muka sassauta. Inda aka tsaya: littafi ɗaya a hannu, sai ya dawo a karɓi wani. Idan ya wuce juyi ɗaya, abokin yaron ne zai tuna masa, ba babba ba. Idan ya wuce biyu, mai masauki za ta leƙa gidan ta gaida mutane, ta tambaya. Idan ya ɓace, yaron zai zo zaman gyaran littattafai sau ɗaya, shi ke nan magana ta mutu. A bayan kowane aljihun yaro mun rubuta wa iyaye: idan ya yage, a kawo shi haka, kada a gyara, kada a ji kunya.

Baba ya amince, amma ya bar mu da wata magana. Ya ce kayan aro ba ya rufe katara, ya kamata yaro ya samu wanda zai ce nasa ne. Ya yi gaskiya. Mun ajiye maganar a jerin abin da za a warware.

14 ga Yuni, 2025

Zaman gyara ya zama wurin da na fi koyon abu. Littafin yara yana da wuraren mutuwarsa, kusan kullum iri ɗaya: ƙasan shafi kusa da ɗinki, inda ƙaramin hannu ke ja maimakon juyawa, gaɓar da bango ke haɗuwa da jiki, sai kusurwoyi, ga masu kai baki. Dalilin da ya sa muka ce kada a gyara a gida shi ne salatif. Da farko yana kyau, bayan watanni sai ya yi rawaya, ledar ta ɓare, gam ɗin ya zauna cikin takarda ya bar tabo mai danƙo da ke kama shafin da ke fuskantarsa.

Mu farin gam na kafinta muke amfani da shi, kaɗan ƙwarai. A kwantar da shafin a kan leda mai santsi, a daidaita bakin yagar yadda haruffa za su haɗu, a shafa gam da bakin tsinke, a ɗora siririyar takarda a kai, a rufe da wata ledar, a danne da abu mai nauyi har washegari. Wani yaro da ya zo biyan littafin da ya ɓatar ya tsaya yana kallon yadda hoton akuya ya koma ɗaya bayan an raba shi biyu. Mako na gaba ya dawo ba wanda ya kira shi, ya ce, "Yaya, a ba ni mai wuya." Yanzu shi ke riƙe da tsinken.

Danshi ya fi yara ɓarna. Fumfuna tana samun wurin zama idan danshin iska ya daɗe sama da kashi 65 zuwa 70 cikin 100, musamman inda iska ba ta kewayawa. A ɗaya daga cikin masaukai an jingina jakunkuna da bango a ƙasa, sai ga ɗigo-ɗigon baƙi a bangon littattafai. Mun ware su nan take, tunda tana yaɗuwa. Yanzu doka ce: jaka a rataye take ko a kan kanta, da tazara tsakaninta da bango, kuma ba a ɗaure littafi cikin leda a ajiye, don leda tana tsare danshi a ciki. Kwalaye ma mun fitar da su, kyankyasai da gara suna son su.

19 ga Yuli, 2025

Gudummawa tana kawo abin da mutane suke da shi, ba abin da yara ke buƙata ba. Jakar ja kusan fanko ce, domin littafin jarirai mai kaurin shafi ba kasafai yake tsira har a bayar da shi ba. Littattafai cikin harshen da yara ke ji a gida kuwa sun yi ƙaranci ƙwarai, kuma kakar da za ta karanta wa jikanta ba za ta yi da harshen da ba ta ji ba.

Mun fara buga namu daga rumbunan da ke bayarwa kyauta. African Storybook, wanda cibiyar Saide ta Afirka ta Kudu ta ƙaddamar a 2014, yana da labarai masu hoto cikin harsunan Afirka masu yawa. StoryWeaver na Pratham Books a Indiya ya fara a 2015, da harsuna ɗaruruwa. Book Dash, shi ma a Afirka ta Kudu tun 2014, yana tara marubuci da mai zane da mai tsara shafi su haɗa littafi cikin sa'a 12, kuma burinsu kowane yaro ya mallaki littafi 100 kafin ya cika shekara biyar. Galibin waɗannan littattafai suna ƙarƙashin lasisin Creative Commons mai ba da damar bugawa da fassarawa, da sharaɗin a ambaci masu aikin. Shafin sunayen nan ba ma cire shi, ko da zai ci mana takarda. Hakkinsu ne.

Shafuka sai sun zama ninkin huɗu kafin su naɗu daidai. Ƙarfen sitefila yana tsatsa, yana kuma sukar yatsa, don haka ɗinki muke yi. Huda uku a kan ninki. Allura ta fita ta hudar tsakiya, ta shigo ta sama, ta tsallake tsakiya ta fita ta ƙasa, ta dawo ta tsakiya, a ƙulle bakin zaren biyu a kan dogon zaren da ya ratsa. Wanda ya iya ɗinka maɓalli zai koya a zama ɗaya.

A nan muka samu amsar maganar Baba. Bugun namu yana da arha idan an kwatanta da na saye, don haka duk yaron da ya cika juyi uku yana aro yana dawowa, za a ɗinka masa guda, ya rubuta sunansa a bango, ba ya dawowa da shi.

6 ga Satumba, 2025

Abu na biyu da muka yi hasashe ya iso. Ɗaya daga cikin masu masauki ta samu ƙarin aiki, ga jinya a gida. Ba ta ce ta daina ba, don kunya, sai ƙofa ta fara buɗewa a makare. Irin wannan ne ke kashe aikin sa kai: mutumin kirki ya ci gaba da jan abin da ya fi ƙarfinsa, yara su zo su tarar a rufe, su daina zuwa.

Na je na same ta. "Yaya, kin yi iya yinki. Ki bari jakunkunan su huta a wani gida, in kin sarara su dawo." Ta yi ajiyar zuciya, ta ce ta daɗe tana neman yadda za ta faɗa.

Miƙa aikin bai ɗauki lokaci ba, domin abin miƙawa jakunkuna ne, da tire, da takarda ɗaya mai bayanin yadda ake yi. Daga yau masauki wa'adi ne na wata shida, ana iya sabuntawa, kuma sauka ba ta buƙatar dalili. Kowace mai masauki tana da mataimaki daga wani gida, wanda zai gaje ta. Ina ganin wannan ce shawara mafi muhimmanci da muka yanke tun Maris.

Kuɗi: mun ƙi karɓar wata babbar kyauta ta lokaci ɗaya da aka so a kashe a kan kantoci da allon suna. Buƙatarmu ƙarama ce amma ba ta yankewa: gam, zare, takarda, tawada, da maye gurbin abin da ya mutu. Shirin Imagination Library da mawaƙiya Dolly Parton ta fara a 1995 a jihar Tennessee ta Amurka, mai aika wa yaro littafi kowane wata daga haihuwa zuwa shekara biyar, ya yaɗu ne ta hanyar abokan hulɗa na kowane yanki da ke ɗaukar nauyin littattafai da aikawa a kai a kai. Irin wannan alkawari muke nema, ƙarami mai maimaituwa. Mun roƙi mai kyautar ya raba ta kashi-kashi a tsawon shekara uku. Yana nazari.

18 ga Oktoba, 2025

Mun daina ƙirga yawan littattafai a matsayin ci gaba. Yanzu a ranar juyi ana yin ɗigo a bayan katin duk littafin da aka ara a wannan zango. Wanda ya zagaya masaukai huɗu ba ɗigo, ya fita daga jaka. Wanda katinsa ya cika, shi za mu fara nema wa na biyu kafin ya mutu.

Tiren ya nuna mana wani abu kuma. Akwai aljihunan da ba su motsa ba tun Mayu, kuma da muka duba, yawancinsu na 'yan mata ne masu tasowa waɗanda lokacin buɗewa ya zo daidai da lokacin aikin gida da renon ƙanne. Akwai kuma yaro mai amfani da keken guragu wanda masaukin da ya fi kusa da shi yana da matakala. Masauki ɗaya zai gwada buɗewa da safiyar ranar hutu daga juyi mai zuwa, kuma manyan yara biyu sun karɓi aikin kai ƙaramar jaka gida ga waɗanda ba sa iya zuwa. A zaman Nuwamba za a yanke ko sabon masauki na biyar zai kasance gida marar matakala a wannan layin, sannan a duba batun littattafai masu manyan haruffa, waɗanda za mu iya bugawa da kanmu idan an sake tsara shafukan.